Wayar ɗakin bayan gida ta tsattsage: a naɗe ta da tef ko a sake wayarin?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina zaune a Ɗorayi, kuma muna da wani ɗaki a bayan gida da muke ajiye tarkace. Yanzu ina so in sa firiza biyu a ciki in fara sana'ar ƙanƙara da zoɓo. Wutar ɗakin daga soket ɗin kicin aka jawo ta, wayar ta bi kan katanga kamar mita 30, kuma duk ta tsattsage. Da damina ƙofar ƙarfen ɗakin har jan mutum take yi. Mai gyara ya ce a naɗe wuraren da tef a zura wayar a fayif, shi ke nan. Hakan ya isa? Kuma me ƙa'ida ta ce?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Bai isa ba. Kafin ma mu je ko'ina, a cire wannan waya daga soket ɗin kicin yau ɗin nan. Ƙofar da ke jan mutum da damina tana ɗauke da wuta ne, kuma yaron da ya taɓa ta ba takalmi a jiƙaƙƙiyar ƙasa ba lallai ta sake shi ba.

Robar da ke jikin wayar cikin gida ba a yi ta don rana ba. In ta shekara biyu ko uku tana shan ranar Kano sai ta bushe ta yi ƙarfi, ta riƙa farfashewa ko ba a taɓa ta ba. Inda kika ga tsagewa, nan ne kawai ya fito fili. Sauran jikin ma ya gama aiki. Tef kuwa da zafin bazara gam ɗinsa narkewa yake ya warware. In aka zura irin wannan waya a fayif, ruwan sama zai taru a ciki ya kwanta a kan mahaɗin da ba mai ganinsa kuma. An ɓoye ciwon ne, ba a yi maganinsa ba.

Babban kuskuren ma ba tsagewar ba ce, inda aka jawo wutar ne. Ɗakin da ke ware da gida, musamman mai firiza biyu, layinsa daban ake ba shi tun daga akwatin rarraba wuta na gidan, bayan mita, da birekarsa, wato makunnin da ke katse wuta da kansa in ta yi yawa. Kada ki yarda a jawo miki kafin mitar kamfanin wuta na KEDCO da sunan sauƙi. Wannan satar wuta ce, tana da tara, kuma layin ba shi da abin da zai katse shi in an sami matsala.

Sai kaurin waya, inda aka fi yin rowa. Waya mai lambar kauri 1.5 ta fitila da fanka ce, mai 2.5 ta soket ce. Ga nisa irin naki ba su dace da babban layi ba. In aka ja amfiya 20 a tsawon mita 30, waya mai 2.5 za ta zubar da kusan bolt 11 a hanya, mai 6 kuwa bolt 4 da 'yan kai. Ƙa'idar da muke aiki da ita, wadda muka gada daga Ingila, ba ta yarda asarar ta wuce kashi 5 cikin 100 na bolt 230 ba, wato 11.5, tun daga mita har soket na ƙarshe. Kin ga mai 2.5 ta kusa cinye kason tun ba a shiga ɗakin ba. Ga shi wutar tamu sau da yawa da rauninta take zuwa, kuma injin firiza in zai tashi yana jan ninkin-ba-ninkin abin da yake ci in ya daidaita. Raunin wuta ne ke ƙone shi. Akwai kuma zafi: jadawalin ƙarfin waya a kan zafin digiri 30 aka yi shi. A digiri 40 ƙarfinta ya koma kashi 87, a digiri 50 kashi 71. Ƙarƙashin kwano a watan Afrilu kuwa kin san yadda yake. Ni mai 6 zan sa, in kuma kina da niyyar ƙara injin markaɗe nan gaba, a sa mai 10 a huta.

Hanyar da za ta bi, na fi son ƙarƙashin ƙasa. A sayi kebul mai sulken ƙarfe, a haƙa rami mai zurfin kamar santimita 60, a shimfiɗa yashi ƙasa da sama, a ɗora leda mai gargaɗi ko jerin bulo kafin a rufe, saboda mai haƙa sokawe ko shuka bishiya nan da wasu shekaru. In tsakar gidan siminti ce ba a son fasawa, sai kebul ɗin ya bi jikin katanga, a kafe shi da maƙalai kusa-kusa. Duk inda ya sauko daidai hannun yara ko bakin akuya, a sa shi cikin fayif na ƙarfe. Fayif ɗin roba na cikin gini ne, a rana shi ma karyewa yake. Kada a yi haɗi a tsakiyar hanya. In dole ne, a cikin akwati mai murfi da ruwa ba ya shiga.

A cikin ɗakin a sa ƙaramin akwatin rarraba wuta: bireka ɗaya ta fitila, kowace firiza da tata. Duk waya ta shiga fayif, har wadda ke cikin silin, don ɓera. Wadda aka binne a bango ta tafi a miƙe, sama ko gefe daga soket, ba a karkace ba, don mai buga ƙusa ya san inda zai guje wa. Soket ya yi nesa da ƙasa tunda wurin ruwa ne.

Abin da zai tsare rai shi ne wayar at, wadda ke kai yoyon wuta ƙasa, da na'urar RCD mai lamba 30mA, wadda ke katse layi in wuta ta yi yoyo, kuma ɗaya ba ta isa ba sai da ɗayar. Mutane na ɗauka in an kafa sandar tagulla a ƙasa an gama. To, ki ɗauka ƙasar ta bushe da rani, juriyarta ga wucewar wuta ta kai om 50: wutar da za ta bi ta sandar ba ta kai amfiya 5 ba, bireka mai 20 ko gezau ba za ta yi ba, jikin firiza na nan da wuta. RCD ita ce ke jin ɗan yoyon nan ta katse cikin ƙiftawar ido. A haɗa ƙofar ƙarfen da sulken kebul ɗin da wayar at. Masu sana'ar ƙanƙara kan sa a cire RCD wai tana kashe musu firiza da dare. In tana yawan faɗuwa, akwai yoyo ne a wani wuri, shi za a nema. Gara a sayi irin birekar da ke haɗe da RCD ɗinta, kowace firiza da guda, in ɗaya ta faɗi ɗayar na aiki.

Batun doka: hukumar gwamnatin tarayya ta NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015, ita ke duba aikin wayarin da ba masu yin sa takardar shaida, kuma NERC, hukumar da ke tsara harkar wutar lantarki, ta fitar da ƙa'idojin wayarin a 2015 ɗin. Ki nemi mai takardar, ki ce ya nuna miki. In ya gama, tasta mai ɗan kwan fitila ba gwaji ba ce. Zai auna lafiyar robar waya da na'ura a bolt 500, kada ta gaza megom 1, wato om miliyan ɗaya, ya auna sandar ƙasa, ya gwada saurin RCD, ya rubuta miki sakamakon.

In za ki sayi waya a Sabon Gari, ki tafi da shi. A duba tambarin SON, hukumar kula da ingancin kaya, a kankare bakin wayar: in ja ne a waje fari a ciki, alminiyom ne aka shafa wa tagulla, a ajiye musu kayansu. In kuma za ki haɗa janareto saboda ƙanƙarar, ya shiga ta canjoba, makunnin da ke raba wutar janareto da ta kamfani, ba ta waya mai filogi biyu da ake cusawa a soket ba, don wannan kan mayar da wuta kan layin waje ta kama ma'aikacin da ke kan fal.