Filin Tambaya da Amsa: Ko Ya Dace a Biya Kuɗin Mujallar da Ake Samu Kyauta?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ni mai gyaran kwamfuta ne a Jidda. Akwai wata mujalla ta Turanci da ke fitowa duk wata a kan Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, da sauran buɗaɗɗun manhajoji, wadda na yi kusan shekara uku ina saukewa kyauta, kuma a cikinta na koyi yadda ake farfaɗo da tsofaffin kwamfutocin da masu su suka riga suka fid da rai. Kwanan nan masu mujallar suka fara roƙon masu karatu su riƙa ba da dala 4 a wata, amma sun ce wanda bai biya ba ma zai ci gaba da samun ta cikakkiya. Abokin aikina ya ce ɓarnar kuɗi ce, tunda ita kanta manhajar kyauta ce. Ɗan baffana da ke Gadarif a Sudan shi ma yana karanta ta, sai dai ba shi da hanyar biya, kuma abin yana damunsa. Mece ce shawarar Malam?

Daga mai karatu a Jidda.

AMSA

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yi wa sana'a albarka, ɗan'uwa. A ganina ka biya, matuƙar dala 4 ɗin ba za ta taɓa cefanen gidanka ba, kuma matuƙar mujallar ta cika wasu sharuɗɗa da zan ambata. Amma kafin nan ya kamata mu warware maganar abokin aikinka, domin akwai tsohon ruɗani a cikinta, kuma ba shi kaɗai ya faɗa ciki ba.

Tushen ruɗanin shi ne Turanci yana da kalma guda, free, da ke nufin abu biyu, wato abin da ba a biyan kuɗinsa da kuma abin da ke da 'yanci. Ku da ke zaune cikin Larabawa kun san cewa majjani daban, hurr daban, kamar yadda mu ma a Hausa ba ma haɗa kyauta da 'yanci. Lokacin da Richard Stallman ya sanar da GNU, aikin rubuta manhaja mai 'yanci, a Amurka a 1983, 'yancin yake nufi: mutum ya yi amfani da manhaja yadda yake so, ya duba yadda aka rubuta ta ya gyara, ya ba wani, ya kuma rarraba gyaran da ya yi. Lasisin GPL, wanda Linus Torvalds ya ɗora Linux a kansa bayan ya fara rubuta shi yana ɗalibi a Helsinki a 1991, bai hana kowa sayar da manhaja ba. Abin da ya hana shi ne ka karɓe ta a buɗe sannan ka miƙa wa na gaba a rufe. Saboda haka ko a wajen waɗanda suka kafa wannan tafiya, karɓar kuɗi bai taɓa zama abin kunya ba.

Yanzu mu dawo kan mujallar. Kai da ke kusa da Makka ka san ruwan sabil: mai sha ba ya biyan ko sisi, amma kowa ya san akwai wanda ya sayi ruwan, ya sayi ƙanƙara, ya biya motar da ta kawo shi. Rijiyar Ruma da ke Madina ma sai da Sayyidina Usman, Allah ya ƙara masa yarda, ya fitar da dukiyarsa ya saye ta kafin ta zama waƙafin da kowa ke ɗiba. Haka mujallarka take. Kafin darasin da ya koya maka farfaɗo da tsohuwar kwamfuta ya iso gare ka, akwai wanda ya zauna ya gwada kowane umarni a kan tasa na'urar, ya ga inda ya ƙi aiki, ya sake gwadawa. Akwai editan da ya tace rubutun, da wanda ya tsara shafuka, da kuɗin hayar kwamfutocin da ake ajiye fayilolin domin dubban mutane su sauke. Yawancin masu irin wannan aiki da dare suke yin sa bayan sun taso daga aikin da ke ciyar da su, kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Tarihin waɗannan mujallu shi ne ya fi sa ni tsayawa a kan wannan ra'ayi. Linux Journal ta fara fitowa a 1994, ta daina bugawa a takarda a 2011, ta sanar da rufewa a ƙarshen 2017 saboda rashin kuɗi, aka ceto ta, sannan ta sake rufewa a watan Agustan 2019. Sunan ya dawo daga baya a hannun wani kamfani, amma ma'aikatanta na da sun riga sun watse. Linux Voice, wadda masu karatu suka yi karo-karo aka kafa ta, ta fara fitowa a 2014, kuma tana sakin kowace fitowa kyauta bayan wata tara, amma zuwa 2016 ta narke cikin wata mujallar. A ɗaya ɓangaren kuma akwai LWN, wadda a 2002 masu ita suka sanar cewa za su rufe, sai masu karatu suka yi ta aiko da gudummawa, daga nan aka koma tsarin da masu biya ke fara karantawa, bayan ɗan lokaci a buɗe wa kowa, kuma har yau tana nan. Ingancin rubutu bai ceci na farkon ba, domin su ma rubutunsu mai kyau ne. Ita kanta manhajar ba ta tsira daga wannan matsala ba: a 2014, da aka gano ɓarakar Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da tsaron wani babban ɓangare na intanet ya dogara a kanta, sai duniya ta ji cewa gudummawar da aikin ke samu ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba.

Duk da haka ba kowace mujalla ce ta cancanci kuɗinka ba, kuma a nan nake so ka yi taka-tsantsan. Ka ɗauki fitowa uku ko huɗu na baya-bayan nan ka duba da idon mai sana'a. Shin darussan sabbi ne, an gwada su a kan manhajar da ake amfani da ita yanzu, ko tsofaffi ne aka sake musu riga? Marubutan suna sa sunansu, kuma idan mai karatu ya nuna kuskure ana gyarawa a fitowa ta gaba? Abin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne ko masu roƙon sun bayyana inda kuɗin ke tafiya, ko da a taƙaice, domin wanda ke neman taimakon jama'a da gaskiya ba ya jin nauyin faɗin haka. Idan kuma ka ga rabin shafukan talla ne da aka yi wa kamannin labari, to, wannan mujalla ta riga ta sami mai biyanta, kuma ba ta buƙatar naka.

Ta fuskar lissafi, dala ɗaya riyal 3.75 ce, don haka dala 4 riyal 15 ke nan a wata, riyal 180 a shekara. Kai ka fi ni sanin nawa kake karɓa idan ka tayar da kwamfuta guda da ilimin da ka samu a can, sai ka auna da kanka. Hausawa na cewa yaba kyauta tukwici, kuma wannan shi ne matsayin abin da za ka bayar: ba ciniki ba ne, ba kuma bashi ne a wuyanka ba, tunda su da bakinsu suka ce kowa ya ɗauka. Ka lura kawai cewa irin wannan biya yawanci yana sabunta kansa duk wata, kuma katin mada, wato katin banki na cikin gida na Saudiyya, yawanci ba ya aiki a shafukan intanet na ƙasashen waje sai in yana ɗauke da alamar Visa ko Mastercard. Idan kana gudun a riƙa cirar maka kuɗi ba tare da ka tuna ba, ka bayar sau ɗaya a dunƙule, in shekara ta zagayo ka sake dubawa ko har yanzu mujallar tana amfanar ka.

Shi kuwa ɗan baffanka, ka gaya masa ya kwantar da hankalinsa, babu komai a kansa. Mutumin da ke zaune a ƙasar da yaƙi ya ɗaiɗaita tun 15 ga Afrilun 2023, inda PayPal, hanyar biyan kuɗi ta intanet, ma ba ya aiki, shi ne ainihin wanda aka bar ƙofar a buɗe dominsa, kuma riyal 15 ɗinka na daga cikin abin da zai hana a rufe ta. In yana son ya yi wani abu, akwai hanyar da ba ta buƙatar kuɗi. Da yawa daga cikin irin waɗannan mujallu suna fitowa ne a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ke ba jama'a damar kwafa da rarraba rubutu bisa wasu sharuɗɗa. Full Circle, alal misali, wadda masu amfani da Ubuntu, wani nau'in Linux, ke fitarwa kyauta tun 2007, 'yan sa-kai ne suka riƙa fassara ta zuwa Faransanci da Italiyanci. Wanda ya iya Hausa da Larabci da Turanci, kamar yadda da yawa daga matasanmu na Gadarif da Mai Wurno suka iya, yana da abin da editocin nan ba su da shi. Ya fara duba shafin da aka rubuta lasisin taku mujallar, in ya halatta fassara, ya zaɓi darasi guda da ya fi amfanar sa, ya mayar da shi Hausa, ya sa sunan marubucin asali a kai kamar yadda lasisin ya tanada, sannan ya aika wa editan kwafi.