Takarda ta ce a zuba birandi, mu me za mu zuba?

Ka kawo mini takardar haɗin kek ɗin da uwar amarya ta turo, ka ɗora yatsa a layin da ya ce a jiƙa zabibi cikin rabin kofin birandi, kana tambaya: "Maigida, mu tsallake shi ne, ko da me za mu musanya?" Ka kuma ce wani ya gaya maka wai wuta tana cinye giyar duka, don haka ba komai. Jawo benci ka zauna, ɗana, kafin kwaɓin can ya tashi.

Mu fara da maganar wutar. Birandi giyar inabi ce da aka sake tacewa da zafi har ta yi ƙarfi, yawanci kashi 40 cikin ɗari na kwalbar barasa ce zalla. Gaskiya ne barasa tana tafasa tun a digiri 78, kafin ruwa, amma in ta shiga kwaɓi ba ta fita da sauƙi. Ma'aikatar noma ta Amurka ta fitar da alƙaluma a kai: abin da aka gasa minti 30 yana riƙe da kusan kashi 35 na barasar da aka zuba, bayan awa ɗaya kashi 25, bayan awa biyu da rabi ma da sauran kashi 5. To ka ga wanda ya gaya maka bai auna ba. Mutanen Sakkwato da ke cin abin hannunmu amana suka ba mu, ba za mu ciyar da su wannan ba.

Tsallakewa ma kuskure ne, don zabibin zai zuƙe ruwan kwaɓin, kek ya fito a bushe kamar garin kwaki. Abin da za ka tambayi kanka shi ne: wane aiki birandin yake yi a nan? A kek irin na Ingila mai 'ya'yan itace, yana tausasa zabibi, yana ba da ƙamshi, yana kuma hana kek lalacewa.

Na tausasawa, ni baƙin shayi na fi so. Turawan ma suna da burodin zabibi wanda a shayi suke jiƙa zabibinsa. Dafa shayin ya yi kauri, ba madara ba sukari, ka jefa kanumfari uku, ɗan guntun kirfa da ɓawon lemon zaƙi, wanda ka kankare samansa kawai, don farin cikin yana da ɗaci. Zuba shi da zafinsa a kan zabibi da yankakken dabino, ka rufe ya kwana. Da safe ɗauki ƙwaya ɗaya ka matsa tsakanin yatsu. In ta kumbura ta fashe da taushi, ta yi. Awon ɗaya ne, rabin kofi a madadin rabin kofi. Ruwan tuffa ko na farin inabi na kwali ma suna yi, kuma su suka fi kusa da ɗanɗanon asali, sai dai da zaƙinsu suke zuwa, ka rage sukari kamar cokali biyu.

Zoɓo kam ka kiyaye. Na san hannunka zai kai gare shi, tunda ga shi nan a gida. In haɗin yana da soda, farar hodar nan mai sa kwaɓi ya tashi, jan nan juyewa yake ya koma shuɗi-shuɗi, kek ya zama abin da ba ka iya kai wa gidan biki. Tsamiya kuma cokali ɗaya ya isa, in ka ƙara ta danne komai.

Af, ka riƙa karanta jikin kwalbar banila, ruwan ƙamshin nan na kek, kafin ka saya a kasuwa. Tataccen banila na Amurka, dokarsu ce ta ce barasar cikinsa kada ta gaza kashi 35. Nemi na gari, ko wanda aka rubuta babu barasa.

Aikin adanawa ne ba shi da madadi. Turawan can suna gasa kek makonni kafin Kirsimeti, suna huda shi da tsinke suna ɗiga masa birandi, ya daɗe bai yi komai ba. Ruwan lemo ba ya wannan aiki, shi kansa lalacewa yake. Ina saurayi na taɓa kwaikwayonsu, na gasa kek ɗin biki kwana goma kafin rana, ina shafa masa ruwan lemo, a watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke wuce digiri 40. Ranar da na buɗe ledar, hunhuna ta rufe gefensa kamar auduga. Da kuɗin aljihuna na sake sayen fulawa, bota da ƙwai, na kwana gaban tanderu. Tun daga ranar, kwana biyu kafin biki nake gasawa. In ya huce in shafa masa ruwan sukari da aka dafa da zuma, in nannaɗe, in sa a firji idan akwai wuta.

A girkin nama abin bai da wuya. Suna zuba birandi ne don ya ɗago ƙanzon da ya kama gindin tukunya. Romo mai zafi da ɗan matsin lemon tsami zai ɗago shi tas. Wutar da kake gani tana tashi a kasko a bidiyo kuwa, ka bar musu abinsu.

Tashi ka ɗora ruwan shayin. Bikin ran Asabar ne, yau Laraba, zabibin ya kwana a jiƙe mu gasa gobe.