Me ya sa kyamara mai megafiksel 12 ta doke wayata mai 108?

Tambaya: Malam, wayata Galaxy S20 Ultra ce, mai megafiksel 108. A daren bikin ƙanwata mai hoto ya zo da Sony A7S III mai 12 kacal, hotunansa suka fito tas, nawa kuwa duk dishi-dishi. Ko cutata aka yi?

Amsa: Ba a cuce ka ba, ɗan'uwa. Adadin fiksel aka gaya maka, ba a gaya maka girmansu ba.

A bayan gilashin kowace kyamara akwai faranti na silikon da ake kira sensa, an yanka shi gida-gida. Kowane gida, wato fiksel, aikinsa tarar haske ya mai da shi lantarki; fiksel miliyan ɗaya shi ne megafiksel ɗaya. Ka tuna tarar ruwan sama: in ana mamako, kofin shayi ma cika yake, amma in yayyafi ne, sai mai baho ke samun abin kirki. Dare yayyafin haske ne.

Fiksel ɗin wayarka faɗinsa maikiron 0.8 ne (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), alhali kaurin silin gashi ya kai wajen 70. Na kyamarar mai hoton ya kai kusan 8.4, wato filinsa ya ninka naka sau fiye da 100. In haske ya yi wa fiksel kaɗan, abin da wannan ya tara sai ya sha bamban da na maƙwabcinsa, ga kuma 'yar hayaniyar lantarkin sensar kanta. Dishi-dishin da ka gani ke nan.

Samsung sun san da haka. Shi ya sa wayar ke haɗe fiksel 9 su zama ɗaya mai faɗin 2.4, ta ba ka hoto mai megafiksel 12. Dabara ce mai kyau, ina yaba ta, sai dai ba ta ƙara wa farantin girma. Naka bai wuce milimita 9.6 da 7.2 ba, na mai hoton 36 da 24 ne, kusan ninki 12. A ganina nan ne asalin bambancin, kuma yana damuna yadda masu talla ba sa ko ambatonsa.

An yi ƙoƙari dai. A da, siraran zaruruwan ƙarfe masu ɗaukar lantarki ne a gaban fiksel suna tare haske, sai aka juya ginin suka koma baya, abin da ake kira BSI, wanda iPhone 4 ta zo da shi a 2010.

Ka bar 108 ɗin sai da rana tsaka, in kana son yanko wani sashe na hoto. Da dare ka kunna yanayin dare, ka jingina gwiwar hannu da kujera, ka ce wa amarya ta ɗan tsaya cak.