'Yata ba ta samu likitanci ba, an ba ta Biochemistry: ina karatun zai kai ta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uwa ce daga Aboabo a Kumasi. 'Yata ta ci jarrabawar WASSCE da kyau, amma makinta bai kai na likitanci ba, sai jami'ar KNUST ta ba ta Biochemistry, wato ilimin sinadaran da ke jikin masu rai. Babanta ya ce in ba likita ko nas za ta zama ba, gara ta zauna a shago. Ita kuma ta ce bincike take so ta yi. Wane irin aiki ne wannan, kuma ana cin abinci da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ana ci da shi, amma ba da wuri ba.

Aikin da take magana a kai ba a nesa da ke ake yin sa ba. A cikin harabar KNUST ɗin da za ta shiga, wadda ake kira Tek, akwai cibiyar binciken cututtuka ta KCCR, wadda aka kafa a 1997 da haɗin gwiwar jami'ar, Ma'aikatar Lafiya da wata cibiyar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Hambug a Jamus. Lokacin korona, can aka riƙa kai samfuran mutanen Asante da na arewa, na kudu kuma ana kai su cibiyar bincike ta Noguchi da ke Legon a Accra. Yawancin waɗanda suka kwana suna wannan gwaji ba likitoci ba ne, masu irin karatun 'yarki ne.

Ki ɗauki gyambon Buruli, wanda ya addabi ƙauyukan wajen Agogo da Amansie. Yana farawa da ɗan ƙululu marar zafi, sai ya ci fata ya buɗe. A da yanka ake yi, a ɗebe naman. Daga 2004 aka koma magani na mako 8, amma da allurar streptomycin kullum, wato allura 56 a jikin yaro, kuma tana iya taɓa masa ji. Wani gwaji da aka yi a Ghana da Benin, wanda Farfesa Richard Phillips na KCCR ya jagoranta, aka fitar da sakamakonsa a 2020, ya nuna ƙwayoyin haɗiya kaɗai, rifampicin da clarithromycin, suna warkarwa kamar yadda allurar take yi. Likita ne ya duba gyambon, gaskiya. Amma wani ne ya karɓi audugar da aka goga a bakin ciwon, ya ciro ƙwayar halittar cutar, ya sa a na'urar PCR, mai gano ƙwayar halittar cuta, ya tabbatar Buruli ne ba wani gyambo ba. Wani ya riƙe lissafi, wani ya bi marasa lafiya gida-gida a kan babur. In aikin ɗayansu ya gurɓata, gwajin duka ya tashi a banza.

Haka batun sikila, wanda babu zangon da bai san shi ba. A Kumasi aka fara gwada jarirai tun 1995, ƙarƙashin marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong: a soki diddigen jariri, a ɗiga jini a kan takarda, a kai ɗakin gwaji. Rigakafin zazzaɓin cizon sauro da aka fara yi wa yaranmu a 2019 ma sai da aka yi shekaru ana gwada shi a Agogo da Kintampo.

Sai dai kada ki ɗauka kullum gano sabon abu ake yi. Rana guda tana iya ƙarewa a liƙa lamba a jikin ƙananan kwalabe, a jera su cikin firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, a rubuta wace ce a wane gurbi. In aka ɗauke wuta, hankalin kowa na kan janareto, don jinin da aka yi shekara ana tarawa zai iya lalacewa. Yarinyar da ba ta da haƙurin maimaita abu sau goma za ta gaji tun ba a je ko'ina ba.

Maganar kuɗi kuwa, Alhaji babanta yana da hujja, kada ki raina damuwarsa. Digirin farko na shekara 4 shi kaɗai ba ya mai da mutum mai bincike. Bayansa akwai hidimar ƙasa ta shekara guda, sannan yawanci aikin mataimakiyar bincike na kwantiragi, wanda albashinsa daga tallafin aikin yake fitowa. Tallafi ya ƙare, aiki ya ƙare. Sai digiri na biyu, sai digirin digirgir. Kafin ta tsaya da ƙafarta, ki ƙiyasta shekara goma ko kusa da haka. Abin da ke rage nauyin shi ne manyan digirin ba lallai ku biya ba. Cibiyar WACCBIP ta Jami'ar Ghana, da aka kafa a 2014 ƙarƙashin Farfesa Gordon Awandare, tana ɗaukar nauyin ɗalibai masu hazaƙa, gasar dai tana da zafi.

Akwai wani abu da iyaye kan gano a makare. Biochemistry ba ya ba ta lasisin aikin ɗakin gwaji na asibiti. Wannan sai wanda ya karanta Medical Laboratory Science ya kuma yi rajista da hukumar da ke kula da ma'aikatan fannin. In albashin gwamnati na wata-wata kuke nema, ku tambaya tun yanzu ko za ta iya sauya kwas. In kuma likitancin ne har yanzu a ranta, Jami'ar Ghana na da shirin da masu digirin kimiyya ke shiga su karanci likitanci, amma kuɗinsa ba kaɗan ba ne.

A ganina, ki bar ta ta tafi, da sharaɗi biyu. Daga hutun shekara ta biyu ta nemi a bar ta ta riƙa zuwa ɗakin gwaji ko da kyauta ne, domin malamin da ya ga hannunta shi zai rubuta mata takardar shaida gobe. Sannan ta koyi sarrafa bayanai a kwamfuta, ko da yaren kwamfuta na R ko na Python. Yanzu mai iya wannan ya fi samun kira fiye da mai iya riƙe kwalba kawai. Hausarta ma jari ce: babu gwajin da ake sa mutum a ciki sai an yi masa bayani ya yarda, kuma tsohuwa a Asawase ko Sabon Zango ta fi sakin jiki da 'yar unguwa mai mayafi a kan baƙon da ya zo da tafinta.

Ki ce wa Alhaji ya raka ta Tek ranar rajista, su tambayi shugaban sashen inda ɗaliban da suka gama karatu shekara biyar da suka wuce suke aiki yanzu.