Yoyon Rufin Shaguna: A Ci Gaba da Faci ko a Cire Kwanon?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da jerin shaguna shida a Kano, rufin kwano ne tun na mahaifinmu, ya haura shekara 20. Duk damina sai kafinta ya hau ya yi faci, bana har ruwa ya ɓata wa ɗan hayata atamfofi. Yanzu kafintan ya ce a cire kwanon gaba ɗaya. Gaskiya yake faɗa, ko aiki yake nema?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya mayar wa ɗan hayarka da alheri.

Kada ka yanke hukunci da yoyo kaɗai. Akwai rufin da ke zuba kamar rariya amma gyaran wuni ɗaya ya ishe shi, akwai kuma wanda ɗigo biyu kawai yake yi alhali ya gama mutuwa. Abin da za ka bincika shi ne ta ina ruwan yake shiga, sannan mene ne halin katakon da ke ɗauke da kwanon.

Ka sa a ɗaga silin guda ɗaya da tsakar rana, ka leƙa da idonka. In hasken da ka gani yana bin layin ƙusa ne, da sauƙi. Zafin Maris da Afrilu yana sa kwano ya miƙe da rana ya tsuke da dare, wannan motsin ne yake faɗaɗa ramin ƙusa, robar da ke kanta kuma ta bushe ta tsage. Sabuwar ƙusa mai roba ta magance wannan. Haka ma in gota ce, wato magudanar ruwan rufi, ta toshe a bayan rawanin ginin da leda da ƙurar hunturu, ruwa ya rasa hanya ya koma ciki. Amma in ka ga haske a warwatse tsakiyar falle kamar taurari, tsatsa ta cinye kwanon. Ka kankare wurin da makulli: in yana ɓarewa yana zubo jan gari, ko kwanon yana lotsawa da yatsa, faci ɓarnar kuɗi ne, domin ka toshe nan gobe ya ɓulle can.

To, babbar magana tana wajen katako, kuma nan ne masu gini suka fi sakaci. Gara cikin katako take ci ta bar maka bayansa lafiya ƙalau. Ka danna ƙusa a jikinsa, musamman inda ya zauna kan bango. In ta shige ba gardama, ko ka ga hanyar laka ta hau bango zuwa sama, an gama da shi. Ka kuma tsallaka titi ka kalli doron rufin daga nesa. Ya kamata ya miƙe sambal. In ya lanƙwasa a tsakiya, akwai abin da ya karye ko ya ruɓe a ciki. Na taɓa zuwa wasu shaguna da mai su ya ɗora sabon alminiyom mai tsada a kan tsohon katako don ya rage kuɗi. Iskar hadarin farkon damina ta ɗauke rufin da ƙusoshinsa ta ajiye a bayan gini, kwanon ko tsatsa babu.

Ka tuna kuma a cikin silin ɗin nan wayoyin lantarki suke bi. Ruwa da tsohuwar waya a saman shagon atamfa ba abin wasa ba ne.

Game da kafintanka, ba zan ce ƙarya yake ba. Kwanon da ya wuce shekara 20 kuma ake masa faci duk shekara, galibi ya kai ƙarshe. Sai dai mai hawa ya yi aikin ba shi ya kamata ya yanke hukunci shi kaɗai ba. Ka samo wani wanda ba shi zai karɓi kwangilar ba, ka biya shi kuɗin dubawa, ya ɗauko maka hotuna a waya. Sannan ka tara abin da ka kashe a faci cikin shekara uku, ka haɗa da asarar kayan 'yan haya, ka gwada da kuɗin sabon rufi.

In sauyawa ta tabbata, ka yi tsakanin Nuwamba da Maris, shago biyu-biyu, don kada kasuwar mutane ta tsaya. In alminiyom za ka sa, kada kaurinsa ya gaza milimita 0.45, in da hali 0.55, kuma a auna a gabanka, domin abin da ake rubutawa a rasit ba kullum ne yake isowa a mota ba. Katakon kuma a shafe shi da maganin gara tun yana ƙasa, kafin a hau da shi.