Tambaya da Amsa: Na fara gudu, amma masu koyarwar da ban gayyata ba sun hana ni sakat

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Shekarata 41, ina kasuwanci a Kano. Likita ya ce jinina ya fara hawa, in rage teɓa. Wata biyu ke nan ina fita sassarfa bayan sallar asuba a filin makarantar unguwarmu. Damuwata mutanen filin. Wannan ya ce in riƙa takawa da yatsu, wancan ya ce kada in tsaya ko da numfashina zai ɗauke. Wani dattijo kuma kullum sai ya biyo ni yana cewa in sa leda a ƙarƙashin riga, kada in sha ruwa sai na koma gida. Ni so nake in koya a hankali, ni kaɗai, har na fara jin nauyin fita. Ko girman kai nake yi?

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba girman kai ba ne, kuma kada ka daina fita. Jikin naka ne, kai ne za ka kwana da ciwon gwiwa idan an tunzura ka. Tsarin mai farawa ba shi da wuya: sassarfa minti ɗaya, tafiya minti biyu, ka maimaita har minti 20 zuwa 30, sau uku a mako da hutun kwana ɗaya a tsakani. Muddin kana iya magana kana gudu, saurinka ya yi. Sauran kwanakin ka cike da tafiya mai sauri, har ka kai minti 150 a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawara. Ka nuna wa likitanka tsarin, daga nan duk wanda ya tare ka sai ka ce, "Na gode ƙwarai, likitana ya riga ya tsara mini." Ba ka yi ƙarya ba, ba ka kuma yi rashin kunya ba. Zancen yatsu ka bar shi, ƙafarka za ta nemo takunta da kanta.

Maganar ledar nan ce ta tayar mini da hankali. Na gaji da jin ta, kusan kowane fili na shiga sai na tarar da mai yaɗa ta. Wai zufa kitse ne ke narkewa. Wallahi ba haka ba ne. Zufa ruwa ce da gishiri. Kitsen da jiki ya ƙona, akasarinsa ta numfashi yake fita, ba ta fata ba. Na sha ganin saurayi ya tuɓe ledar, ya matse riga ruwa na ɗiga, ya hau sikeli yana murna wai ya sauke kilo biyu. Lita biyu ta ruwan jikinsa ya zubar, kafin magariba ya shanye abinsa, nauyi ya dawo, teɓa tana nan inda take.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Zufa ba ta sanyaya jiki sai ta bushe a kan fata, iska ta ɗauke zafin. Ka rufe fata da leda, zufa na zuba amma ba ta bushewa, zafi ya taru a ciki, jini ya yi kauri, zuciya na ta fama, ƙoda na neman ruwa babu. A ƙarshen 1997 ɗaliban jami'a uku 'yan kokawa suka mutu a Amurka cikin 'yan makonni, suna ƙoƙarin rage nauyi ta hanyar matse ruwan jikinsu, shi ya sa hukumar wasannin jami'o'in ƙasar ta haramta rigar roba. Matasa ne majiya ƙarfi, kuma a lokacin sanyi. Ina ga mai shekara 41 da hawan jini, a Kano, inda zafin Afrilu ke kaiwa digiri 40? Idan ma cikin magungunanka akwai ƙwayar nan mai sa yawan fitsari, haɗarin ya ninku. Abin da ke ba ni haushi, wanda ya ba ka shawarar ba zai biya ko kuɗin ledar ƙarin ruwa ɗaya a asibiti ba. Yin shekara ashirin ana zuwa fili ba ya mai da mutum koci.

Ka sa riga mara nauyi, ka sha ruwa kafin ka fita, ka riƙe gorarka ka kurɓa idan ƙishi ya zo. Fitsarinka ya yi ja sosai, ruwa ya yi maka kaɗan. Jiri ko ciwon ƙirji kuwa, tsaya nan take.

Tunda kuma akwai masu bin shawarar dattijon nan a filinku, wata rana za ka iya ganin wani yana tangaɗi, yana maganar da ba ta da kai, ko ya yanke jiki ya faɗi. Kada a tsaya yi masa fifita da hula kawai. A kai shi inuwa, a yage ledar, a kwarara masa ruwan sanyi a jiki duka, a ci gaba da yi har cikin mota zuwa asibiti. Idan ba ya cikin hayyacinsa, kada a ɗura masa ruwa a baki.