Wannan shuuu ɗin ba ciwo ba ne, bar mata abinta

Tambayarka biyu ce, ɗana. Me ya sa mai Juno-106 ɗin nan, wato kibod ɗin kiɗa mai haɗa sauti da lantarki, zai zuba kuɗi a gyaran na'urar da ta girme ka, alhali ga sabuwar Yamaha PSR a kasuwa, ga kuma kwamfuta tana kwaikwayon kowane sauti? Sannan ko ka cire masa wannan shuuu da take yi in an danna koras, wato maɓallin da yake kaurara sauti? Ta biyun zan fara amsa maka: kar ka taɓa shi.

Da wannan shuuu ɗin kamfanin Roland ya fito da ita a 1984. A cikin koras ɗin akwai aisi biyu, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki masu ƙafafu, MN3009, kowanne da matakai 256. Sauti yana shiga ana miƙa shi daga mataki zuwa mataki, kamar leburori suna miƙon kwanon kankare ranar zuba dakin, sai ya ɗan makara kafin ya fito, a haɗa shi da na asali. Wannan makarar ce take sa sautin ya yi kauri, ya cika kunne biyu, kuma a hanyar miƙon ne yake kwaso shuuu ɗin. Mawaƙan fof na shekarun 1980 da shi suka yi faya-fayansu, kunnen mai kayan nan ya saba da shi, shi ya zo nema. In ka ji ƙaras-ƙaras, ko gefe ɗaya ya mutu, to nan ne akwai aiki.

Ciwonta na gaskiya yana wani wuri. Murya shida gare ta, wato maɓalli shida za ka iya dannawa lokaci guda. Danna su ɗaya bayan ɗaya kana riƙewa, ka kasa kunne. Za ka ji ɗaya ta yi shiru, ko ta ci gaba da kuka bayan ka ɗaga yatsa. Kowace murya tana da nata aisi, 80017A, wanda matatar sauti da mai buɗe ƙara da rufe ta suke ciki. An lulluɓe shi da baƙin ƙaro mai tauri, kuma duk masu gyara sun san cewa in shekaru suka ja, wannan lulluɓin ne yake jawo matsala. Za ka zare aisin a hankali, ka tsotse dalmar ƙafa bayan ƙafa, ban da fizga, don layukan allon ba sa jure zafi mai yawa. Ka jiƙa shi a sinadarin asiton cikin kwalba mai murfi na 'yan kwanaki, nesa da wuta, har ƙaron ya saki ka ɓare shi. Da yawa suna farfaɗowa. Wanda ya ƙi, akwai sababbi da ake ƙerawa a madadinsa. In kuwa murya biyu maƙwabta suka mutu tare, duba aisin MC5534A tukuna, uku ne a ciki, kowanne yana ciyar da murya biyu.

Kafin duk wannan, karanta bayanta. In ta kasuwar Japan ce, wuta 100 take sha, tamu kuwa 230 ce, sai da tiransifoma mai rage wuta. Kuma sautuka 128 da mai ita ya ajiye, ɗan batir ɗaya ne yake riƙe da su. Kwashe su a kaset ko kwamfuta kafin ka ɗora masa ƙarfe mai zafi.

Yanzu ga ta farko. Da Robert Moog ya fito da irin wannan na'urar mai suna Minimoog a 1970, maɓalli ɗaya take iya faɗa a lokaci guda, ba ta ajiye komai, kuma sai ta ɗumama kafin muryarta ta tsaya daidai. Prophet-5 ta Dave Smith ta zo a 1978 da murya biyar da wurin ajiya. Sai 1983 Yamaha ta saki DX7, wadda da lissafi take haɗa sauti, bisa binciken John Chowning na Jami'ar Stanford. Murya 16, ba ta kaucewa, sautinta garau. Duniya ta koma kanta, aka riƙa sayar da tsofaffin a wulaƙance. Samarin Chicago da Detroit da ba su da kuɗin sabo suka kwashe su a shagunan gwanjo, irin su TB-303 mai sautin bes da TR-808 mai sautin ganga, na Roland, da kasuwarsu ta faɗi, suka gina kiɗan house da techno a kansu. Daga nan farashi ya juya. Ko a nan kusa, Mamman Sani na Nijar da ogan ɗin Orla ƙirar Italiya ya yi kiɗan da rediyo da talabijin na Yamai suka daɗe suna sakawa tsakanin shirye-shirye, kuma rikodin ɗinsa na 1978 yau har Turai ana nemansa.

Ba na raina kwamfuta. In an gama haɗa waƙa, mutane kaɗan ne za su bambance. Amma dubi fuskar Juno ɗin: kowane aiki da nasa silaida, wato ɗan maɓallin da ake ja sama da ƙasa. Makaɗi yana danna maɓalli da hannun dama, hagu tana jan matata, sautin yana buɗewa nan take, ba ya neman komai a allo. DX7 kuwa da silaida ɗaya da ɗan ƙaramin allo ake shirya ta, shi ya sa yawancin masu ita suka tsaya a sautukan da ta zo da su. Sannan matatun nan shida ba su taɓa zama daidai cif ba, ɗan saɓanin da ke tsakaninsu shi ne yake sa kiɗan ya yi rai. Wannan ne mai kayan yake biya.

Saboda haka ba na son na ga ka kwashe duk kafasita, ƙananan ma'ajiyar wutar nan da ke kan allon, ka zuba sababbi don kawai sun tsufa. Auna su, wanda ya kumbura ko ya zubar ko ya kauce, shi za ka canja, ka fara da na ɓangaren wuta. Silaidun ka busa musu ƙurar harmatan, ka sa man da aka yi dominsu, ban da fetur. In ka mayar da aisin, bar ta a kunne ta ɗumama, sannan ka kira ni mu saita muryoyin shida tare da takardar gyaranta da mita, don wannan ba a yin sa da kunne kaɗai.